Shekarar da Na Hana Yaya Isiyaku Aron Inji

Na san abin da ake gaya muku a gidan baffanku, domin ni ma an sha gaya mini shi, har daga bakin waɗanda ba a haifa ba lokacin da abin ya faru. Cewa ake yi mahaifinku yana da injinan yankan itace cike da ɗaki, wansa uwa ɗaya uba ɗaya ya nemi aron guda ɗaya ya hana shi a gaban mutane, sannan bayan 'yan kwanaki ya ɗauko injin da hannunsa ya kayar da itacen da yake ta karewa. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan labari. Matsalarsa irin ta ɗalibin nan ce da ya haddace amsa bai karanta tambaya ba. Na yi shekaru ina ba irin waɗannan ɗalibai rabin maki, don haka ga sauran rabin.

Lokacin da na ajiye alli, abokan aikina kowa ya kama gabansa. Wasu suka koma gona, wasu suka shiga siyasa, wasu suka samu benci a ƙofar gida suna jiran a sanar da rasuwa su je jana'iza. Ni kuwa wata rana na shiga wurin 'yan gwangwan da ke bayan kasuwa neman feda ta keke, sai na hango wani abu kwance tsakanin matattun fanka da tsofaffin risho. Injin yankan itace ne, irin mai sarƙa da ake riƙewa a hannu. Igiyarsa ta tsinke, tsatsa ta cinye sarƙar, haƙoran da suka rage sun duƙushe kamar na tsohon da ya yi wa goro hidima tun yana saurayi. Mai gwangwan ya ɗora shi a sikeli, don shi nauyinsa kawai ya sani. Na ɗauro shi a bayan keke na taho gida, fedar kuwa har yau ban saya ba.

Na kwance shi a ɗakin da ke kusa da zaure, na jera kowane ƙusa a faranti yadda na cire shi, na wanke kafireta da kananzir da tsohon buroshin haƙori. Abin da ban gane ba na je na durƙusa gaban masu gyaran babur da janareta na tambaya, waɗanda da yawansu na taɓa yi musu bulala a kan rubutu, kuma suka rama da ladabi mai zafi. Damina ta wuce, kaka ta shigo, sannan wata safiya na ja igiya ya yi tari, ya yi tari, ya kama. Kajin mahaifiyarku suka tsallake katanga. Ni kuwa na tsaya cikin hayaƙi ina murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa.

Ku fahimci dalili, don kada ku ɗauka tsufa ne ya taɓa ni. Na ƙare ƙuruciyata ina gyaran 'ya'yan mutane, aikin da ba ka sanin ko ya kama sai bayan shekaru masu yawa, ka gamu da mutum ko dai yana duba ka a asibiti ko kuma yana tare ka a hanya. Inji ba ya ja maka rai haka. Ka gyara, ka ja igiya, nan take zai gaya maka ko ka iya ko ba ka iya ba, kuma ubansa ba zai zo makaranta ya yi maka faɗa ba. Daga wannan na farko sai na biyu ya zo, sai na uku. 'Yan gwangwan suka san ni, masu katako suka fara aiko mini da gawar duk injin da suka yanke ƙauna da shi. Kafin a ankara sun haura ashirin, na rataye su a bango sahu-sahu, manya a sama, ƙanana a ƙasa, yadda ake tsayar da ɗalibai ranar ɗaukar hoto.

Mahaifiyarku, Hajiya Rabi, ba ta taɓa hana ni ba, amma ba ta taɓa yin shiru ba.

"Malam, mutane suna ajiye aiki su koma kiwon tumaki. Kai ka koma kiwon abin da ba ya haihuwa."

"Ba ya cin dusa kuma."

"Yana shan fetur. Tunkiya dai ba ta taɓa sa ni wankin riga sau biyu ba."

Ita ce ta raɗa musu suna. Akwai Mai Tari, akwai Ɗan Gata wanda ba ya tashi sai an lallashe shi, akwai kuma Dogo, babbansu duka, wanda ƙarfen da sarƙarsa ke zagayawa a kai ya kai tsawon hannun mutum har da ɗoriya.

Ina da doka guda, kuma ban samo ta a littafi ba. Injina ba sa taɓa ɗanyen itace. Duk wanda ya zo hannuna ya riga ya ci rabonsa na daji har ya ƙware, wurina ritaya ya zo yi kamar yadda ni ma nake yi. Ina gwada su a busassun gungume. In ana biki a unguwa, ni ke yanka itacen girki. In iska ta kayar da darbejiya ta tare lungu, ni ake kira, in je in daddatsa a kwashe. Amma itacen da ke tsaye da ganyensa, a'a. Wanda ya tashi a birnin nan a zamaninmu ya san yadda rimaye suke, ka hau ganuwa ka duba sai ka rantse gari ne aka ɓoye a cikin kurmi. Na ga yadda suka riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya, kuma na san da wane irin inji aka rage su. Ban iya hana kowa ba, amma na iya hana kaina.

Yanzu sai Yaya Isiyaku, Allah ya ji ƙansa. Ku kun san shi tsoho mai tabarau, riga a kan gwiwa, allura a hannu. Ni na san shi saurayi. Mahaifinmu ya rasu ban isa sanin fuskarsa sosai ba, Yaya ne ya zauna a gurbinsa. Da ɗinkin hannu ya ciyar da gidan, yana yi wa manyan riguna adon aska takwas bayan aska takwas, har idonsa ya raunana. Da dangi suka ce a bar ni in koyi allura, shi ya ce wannan yaron hannunsa biyu duk na hagu ne, a kai shi boko ko Allah zai sa ya yi amfani a can. Shi ya ɗauki akwatina a ka har tasha. Bai taɓa kirana da sunana ba, Auta yake ce mini, har na yi furfura, har ɗalibaina suka yi furfura. Duk abin da za ku karanta nan gaba, ku karanta shi da wannan a zuciya.

Itacen da ake magana a kansa rimi ne, yana tsaye a filin da ke tsakanin ƙofar gidansa da tawa, nan Ƙofar Jatau, bayansa kuma kududdufi. Ya girmi duk wanda ya taɓa ba mu labarinsa. Innarmu da audugarsa take cusa matashin kai, shamuwa a kansa take sauka in damina ta kusa, a gindinsa na karanta duk littafin da ya mai da ni abin da na zama, mai kyau da marar kyau. Amma ba zan zalunci Yaya ba, yana da hujja, kuma hujjarsa ta fi tawa nauyi a sikeli. Saiwoyin sun tsaga masa katanga, sun ɗaga daɓen zaure. A daminar da ta gabaci wannan shekarar wani reshe ya faɗo ya lotsa kwanon ɗakin surukarsa, jikokinsa suna ciki, Allah ya tsare. Na ce a rage rassan, ya ce an rage a baya sun dawo da ƙarfinsu. Shi ne babba, filin a hannunsa yake, ya yanke shawara a sauke shi kafin ruwa ya sauka. Ban yi jayayya da ikonsa ba. Ya yi magana da wani mai inji da ake kira Mati, daga ƙauyukan gefen gari, mutumin kirki wanda ya san aikinsa. Sai dai injin Mati gajere ne, ba zai ratsa gindin rimi ba.

Mata suna jin magana kafin ta iso zaure. Ina wasa haƙoran wata sarƙa da magagari Hajiya ta leƙo.

"Yaya zai tambaye ka Dogo yau da la'asar."

"Ba zan bayar ba."

"Na san ba za ka bayar ba. Ba abin da ya kawo ni ke nan ba. Ka ce masa ya lalace."

"Lafiyarsa ƙalau."

"Malam, ba a asibiti muke ba. Ka ce ya lalace, ya ce Allah ya kyauta, kowa ya tashi da hularsa a kansa."

"In ya ce in gyara fa? Ai aikina ke nan."

"Ba zai ce ba. Zai gane. Kai kaɗai ne a garin nan ba ka ganewa, kuma kai ne ka koyar da Hausa."

A nan ne gaba ɗaya maganar take, don haka bari in tsaya in yi muku darasi, ku da kuka tashi a zamanin da ake ƙin mutum da saƙon waya. A birnin nan ba a hana aro. Tsani, turmi, babbar tukunya, keke, duk abin da ke gidanka rabinsa na maƙwabci ne. Amma kuma ba kullum ake bayarwa ba. In ba ka son bayarwa, akwai ƙofofin da aka tanada. Ka ce yanzun nan wani ya ara. Ka ce bari in duba, ka shiga gida ka daɗe. Ka ce ya lalace. Mai tambaya ya san abin da kake nufi, ka san ya sani, ba wanda ya ɗauke shi ƙarya, mayafi ne ake yafa wa magana don kada ta fita tsirara. Kalmar a'a tana nan a harshenmu, na koya wa yara rubuta ta, amma manya ba sa amfani da ita sai ga yara da awaki.

Na san duk wannan. Na ƙi bin ƙofar ne da gangan, saboda dalili biyu. Na farko, in na ce ya lalace, Yaya zai gane na hana, amma ba zai san me ya sa ba, zai ɗauka ƙyashin inji nake yi. Ni kuwa so nake a ce ko mutum ɗaya ya buɗe baki a madadin itacen nan kafin ya faɗi, a fili, ba a bayan mayafi ba. Na biyu, kuma ba na jin kunyar faɗinsa, na yi wata da watanni a kan Dogo. Na nemo masa fistin daga gawar injina uku. In tsaya gaban jama'a in ce ya lalace, bakina bai iya ba. Mai gyara yana iya yin ƙarya a kan komai ban da wannan.

Bayan la'asar muka zauna a gindin rimin kamar kullum. Yaya yana kan tabarmarsa da riga a gwiwa, maƙwabcinmu Malam Tanimu mai sayar da turare yana gefe, da wasu dattawa uku ko huɗu. Yaya bai ɗago kai ba ya yi magana.

"Auta, Mati zai fara aiki ranar Asabar. Injinsa gajere ne. Ka ba shi dogon nan naka ya yi aiki da shi."

Ku lura, ba tambaya ya yi ba. Bai taɓa tambayata abu ba, faɗa kawai yake yi, ni kuma in yi, haka muke tun ina yaro kuma haka nake so.

"Yaya, ba zan bayar ba."

Malam Tanimu, Allah ya saka masa, ya yi maza ya miƙo mini mayafin da hannunsa.

"Ai ina jin sun lalace ne, ko Malam? Kwana biyu ban ji suna hana mu barcin rana ba."

"Lafiyarsu ƙalau, Malam Tanimu. Ko yanzu na ja igiya za su tashi."

Malam Tanimu ya dubi ƙasa kamar ya yar da wani abu. Yaya ya ƙarasa ɗinkin da yake yi, ya kai zaren baki ya datse.

"To, madalla. Allah ya ƙara musu lafiya."

"Yaya, rimin nan ne. Ka san ni ba na sa inji a ɗanyen..."

"Ban tambaye ka dalili ba. Abinka ne."

Ya zura sabon zare, ya tambayi Malam Tanimu labarin ɗansa da ke karatu a wajen gari. Haka jawabin da na shirya wa rimin ya mutu a bakina. Na biya kuɗin faɗin gaskiya, ba a bar ni na faɗe ta ba.

Da na shiga gida na tarar labari ya riga ni. Hajiya ta ajiye mini abinci, sai da ta kai ƙofa ta juyo.

"Mutumin da ya ɗauki akwatinka a ka."

"Na sani."

"To, ci abincinka."

Mati ya samo hayar dogon inji a wani wuri, aka fara. Kwanaki ana sauke rassa da igiya, ɗaya bayan ɗaya, hasken rana yana shigowa tsakar gidanmu ta inda bai taɓa shigowa ba. Ni ban fita ba, ina ɗakin injina. Abin haushi, kunnena ya ƙi bin zuciyata. Ina zaune cikin baƙin ciki amma ina jin injin hayar nan yana shaƙewa, ina cewa a raina kafiretarsa na son wanki, sarƙarsa kuma ba ta samun mai. Shekaru a aji sun sa ba na iya jin kuskure in ƙyale, ko da a bakin maƙiyi ne.

Ranar ƙarshe saura gangar jikin, doguwa, da wasu manyan rassa biyu da suka gagara hawa. Shirin shi ne a kayar da ita cikin kududdufi. Mati ya yanke giɓi a gindin ta wajen ruwa don ta can ya faɗi, ya zagayo ta wajen gidan Yaya ya fara yankan ƙarshe, samari suna riƙe da igiyoyi. Bayan azahar na ji injin ya yi wani irin gurnani ya ɗauke. Na jira ya sake tashi, bai tashi ba. Sai hayaniya, sai gudun takalma. Hajiya ta shigo da mayafinta a hannu.

"Itacen ya zauna a kan injin. Ya danne shi, ba ya shiga ba ya fita. Kuma ta wajen gidan Yaya ya karkato."

Na fita ƙofa na duba. Abin da ta faɗa ne. Maimakon ya bi ta ruwa, rimin ya jingino baya, ya cije ƙarfen injin, ya tsaya a kan ɗan abin da ya rage masa. Gabas kuwa ta yi baƙi ƙirin, hadarin farko na shekara, irin mai zuwa da iska kafin ruwa. Ana ta fito da mata da yara daga gidan Yaya, wata da tukunya, wata da jariri. Mati ya tura a nemo wani inji a wajen gari, amma kowa ya ga hadarin zai riga shi isowa. Tsakanin itacen da ɗakin injina bai fi a yi kira a ji ba, kuma ba wanda ya kira. Daga baya na ji Yaya ne ya ce duk wanda ya taka ƙofata ba da yawunsa ba. Babba ba ya tambaya sau biyu.

Na koma ciki. Hajiya ta biyo ni.

"Ba za a aiko ba, ka sani."

"Na sani."

"To, jiran me kake yi?"

"Mai nake haɗawa, Hajiya. Ba a zuba masa fetur tsura."

Na saɓo Dogo na fito. Mutane suka dare. Mati, gumi ya jiƙa shi sharkaf, ya miƙo hannu biyu.

"Alhamdu lillahi. Kawo, Malam."

"Na ce ba zan ba da aro ba, kuma ban canza magana ba. Kai ka san itace, ni na san inji. Nuna mini inda zan sa."

Ya dube ni, ya dubi furfurata, ya dubi hadarin, ya ga ba lokacin gardama da malamin makaranta ba ne. Yaya yana tsaye jikin katangarsa, hannu a baya.

"Wa ya kira ka?"

"Ba kowa, Yaya."

"To."

Ya matsa gefe. Mati ya zana mini layi da gawayi a saman inda injinsa ya maƙale, ya ce in shiga a hankali, in ya ɗaga hannu in tsaya ya buga ƙarafa masu tsini a tsagar don su ɗago itacen. Ja ɗaya Dogo ya tashi. Zan gaya muku abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Tun da na gyara shi bai taɓa yin daɗin aiki irin na ranar ba. A busasshen gungume ƙorafi yake yi, a ɗanyen rimi kuwa shiga ya yi kamar wuƙa a kabewa, muryarsa ta daidaita, don abin da aka ƙera shi dominsa ke nan. Dusar da ke fitowa fara ce, jiƙaƙƙiya, mai sanyi, tana manne mini a fuska da gemu, da wani ƙamshi kamar na sabon rake. Ban taɓa sanin haka cikinsa yake ba, ni da na yi rayuwata a gindinsa. Mati ya ɗaga hannu, na tsaya, ya buga ƙarafa. Na sake shiga. Iska ta fara kaɗa rigunan mutane. Sai na ji wata ƙara daga can cikin itacen, kamar an buɗe tsohuwar ƙofa, Mati ya fizge ni baya, samari suka ja igiya da kabbara. Ya yi jinkiri kaɗan a sama, sannan ya tafi. Ruwan kududdufi ya tashi ya wanke katangu har lungu na biyu.

Kafin ruwan sama ya sauko muka tsaya a kan kututturen, ni da Yaya. Ɓangaren da ke wajen gidansa ya ruɓe, baƙi, da rami wanda yaro zai iya zama a ciki, shi ya sa ya zauna a kan injin Mati. Ɓangaren da ke wajen gidana kuwa fari tas, lafiyayye, zai iya ƙara wani zamanin a tsaye. Kowannenmu ya kalli ɓangaren da ya ba shi gaskiya, ba wanda ya nuna wa ɗan'uwansa. Sannan ya dube ni, dusa har cikin kunne.

"Sannu da aiki, Malam."

Malam. Duk garin nan haka suke kirana, har mahaifiyarku, ban taɓa jin kalmar ta yi mini sanyi a jiki ba sai ranar.

Ba mu yi faɗa ba, kada wani ya gaya muku mun yi. Kullum da safe ina zuwa in gaishe shi, yana amsawa da sakin fuska. Ya zo sunan 'ya'yanku, ya zauna a gefen gadona lokacin da na kwanta jinya. Abu biyu kawai ya janye, bai sake kirana da sunan da yake kirana ba, bai kuma sake neman komai a hannuna ba, ko ashana. Mutumin da ke aikena tun ina rarrafe ya daina aikena. In kuna ganin wannan ƙaramin hukunci ne, ba ku san mene ne ƙane ba.

Kun sha tambayata, in dai ƙarshenta ni zan kayar da shi, me ya hana in bayar tun farko a huta. Amsa ita ce ba abu ɗaya ba ne. Ranar farko an nemi in taimaka a kashe itace mai rai, na ce a'a. Ranar ƙarshe itacen ya riga ya mutu, abin da ya rage shi ne a zaɓa masa inda zai faɗi, kan ruwa ko kan gidan wana. Da za a maimaita, haka zan sake yi, duka biyun. Hajiya har gobe tana cewa kalma biyu, ya lalace, da sun wadatar, kuma ta fi ni sanin mutane. Amma da na faɗe su, da yau ba wanda ya san an taɓa samun mai ƙin a sare rimin nan, har ku. 'Yan acaba har yanzu in ka ce a kai ka Gindin Rimi nan suke kawo ka, su sauke ka a rana.

A shekararsa ta ƙarshe Yaya ya aurar da 'yarsa ta ƙarshe. Aka kafa rumfa a filin, don yanzu sai da rumfa. Tun jajibere ake bi gida-gida ana karɓo tabarmi, aka bi ta ƙofata aka wuce, alhali kowa ya san manyan tabarmin unguwar a zaurena suke. Da safe na naɗe su na saɓa a kafaɗa, na je na shimfiɗa a sahun gaba. Ina cikin shimfiɗawa ya fito, yana dogara sanda. Idonsa ya yi rauni amma ya gane su.

"Malam, waɗannan ban aro su ba."

"Ban ce ka ara ba, Yaya. Kawowa na yi."

Ya daɗe yana kallon tabarmin, ni kuma ina durƙushe ina jiran ya ce a naɗe. Sai ya nuna da bakin sandarsa.

"Ta gefen nan ta karkace. Gyara ta, nan liman zai zauna."

Na ja ta na daidaita. Ya ce ba haka ba, in ƙara matsowa da ita. Na ƙara. Ya ce to, yanzu je ka duba ko an kawo goro.

Na tashi na tafi, da sauri irin wanda gwiwoyina suka manta da shi.